Yadda Gulbi Ya Tsallake Gonata

Ba a jima da ba mu jihar Kebbi ba aka yi wata damina da har kwaɗi suka nemi tudu. Ina da 'yar fadamar albasa a bakin gulbi kusa da Gehuru. Da ruwa ya janye na je dubawa, sai na tarar gulbin ya sauya hanya, ya bi ta bayan gonar. Fadamata ta koma tsallake, ta manne da gonar taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba mu gaisawa sai da tsiya.

Na ƙwala masa kira. Ya ɗaga hannu daga can ya ce, "Sannu, baƙo! Gulbi ne iyaka tun kakanni. Abin da yaz zo wannan gefe nawa ne."

Lokacin dashe ya matso, irina kuma ya kai. A makon ne ƙanena ya zo hutu daga jami'a, inda yake karatun dokar ƙasa da ƙasa. Da na gaya masa sai ya hau murna kamar an yi masa albishir.

"Yaya, ai kan wannan manyan malamai ke ta rubutu! Ƙasashe ma suna rigima a kai. In kogi ya ci gaɓa sannu a hankali, iyaka ta bi shi. In ya yi tsalle lokaci guda, iyaka tana tsohuwar hanyarsa."

Muka kwashi wannan ilimi muka kai gaban maigari. Na rantse gulbin tsalle ya yi, har kifaye suka faɗo daga sama. Taubashina ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya yakai. Rarrafe gulbin ga ke yi tun ba a yaye wannan mai tumbin ba."

Maigari ya ce wa ƙanena, "To, ɗan boko, da mi ake ganewa?"

Ƙanena ya ce a je a duba abin da ke tsakanin tsohuwar hanyar gulbin da sabuwar. Muka shiga kwalekwale. Ga jigona na ban ruwa tsaye, ga kunyoyin bara ba wadda ta rushe. Gulbin da ya yi rarrafe ai da ya cinye su kafin ya wuce. Maigari ya ce gona tawa ce, a yi dashe.

Na yi rawar da ta girgiza Jega har Maiyama. Washegari na ɗauko iri na iso bakin ruwa, sai na tuna kwalekwale ɗaya ne a wurin, kuma na taubashina ne. Yana kwance a ciki, ya rufe fuska da hula.

"Ɗan ƙasar waje, ina za ka? Lauyanka ya karanta tuƙi?"

Albasar ta yi kyau a shekarar, kowace ɗaya kamar kan jariri, 'yan Aliero, gwanayen noman albasa, ma sun zo kallo. Taubashin nawa shi ya riƙa ƙetare da ni har aka cire, kuma mafi girmanta a miyarsa ta ƙare.