Alewar da Na Sauke Ba Ta Kama Ba

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Sai in kira jikata da sunan uwarta, ko in tashi ina neman mazari alhali yana kan cinyata. Amma ranar da na sauke tukunyar alewa daga murhu ina sane ba ta kama ba, wannan kam ba zan manta da ita ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ni 'yar Toranke ce, aure ya kai ni Ajingi. Maigidana manomi ne mai sanyin hali, irin mutanen nan da za ka yi faɗanka ka gaji, su dube ka su ce maka sannu. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Muna zaune da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ita ce ma ta koya mini alewar ɗinya.

Ba wani aiki ne mai wuya ba. Da kaka in ɗinya ta nuna ta yi baƙi, sai a tsinto a jiƙa, a cuɗa da hannu, a tace a zubar da ƙwallayen. Ruwan a ɗora shi a wuta, a yi ta juyawa da muciya har ya zama maɗi mai kauri. Sannan a zuba soyayyiyar gyaɗa dakakkiya, da ɗan man shanu, da citta. Sirrin abin guda ɗaya ne: kafin a sauke, a ɗiga kaɗan a ƙoƙon ruwan sanyi. In ɗigon ya dunƙule ya zauna a ƙasa kamar tsakuwa, to ta kama, sai ta yi shekara a jaka ba ta lalace ba. In kuwa ya baje ya rine ruwan, da saura. Inna takan ce, "Alewa ba ta son mai sauri, ba ta son mai fushi." Na iya ta har na fi malamar tawa, ba yabon kai ba, a tambayi duk wanda ya ci kasuwa a wancan lokacin.

Shekara shida da aurenmu ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. A ta bakwai Allah ya dube ni. Ina cikin murna, ciki ya shiga wata na biyar, an gama kai gero rumbu, sai maigida ya zauna a bakin ƙofar ɗakina da hantsi, kansa a ƙasa. Ya ce, "Akwai alkawarin da na yi wa Ubangiji ban gaya miki ba. Na ce ranar da ya ba mu rabo, zan tafi Ɗakinsa in yi godiya. Ayarin mahajjata zai tashi daga Gaya nan da kwana tara."

Kun dai san tafiyar gabas. A ƙasa ake yin ta, da jaki da sanda, shekara da shekaru, waɗanda ke dawowa ba su kai waɗanda ke tafiya ba. Na so in yi kururuwa in ce, ɗan da ka roƙa ba za ka tsaya ka ga fuskarsa ba? To amma wace mace ce za ta buɗe baki ta hana miji zuwa Ɗakin Allah? Sai na haɗiye. Na ce, "Allah ya karɓa," na tashi na ba shi wuri. Daga ranar na ɗauke masa wuta. In kai masa tuwo in dire, in ya yi magana in ce to. Wallahi na ƙuntata wa bawan Allah nan, shi kuwa ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba.

Ana jibi tafiya ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo a guzurina. Ki yi mini alewarki, wadda za ta daɗe."

Washegari na hura wuta a tsakar gida. Ina juya tukunya ina kuka, hayaƙi yana rufa mini asiri. Maɗi ya fara kauri, na zuba gyaɗa, na ɗiga a ƙoƙo. Ɗigon ya baje, ruwan ya yi jawur. Na gani da idona. Na san wuta kaɗan ta rage, ba ta fi a ƙara itace biyu ba. Sai zuciya ta ce mini, shi da bai iya jiran wata huɗu ba, ke ce za ki tsaya jiran tukunyarsa? Na sa tsumma na sauke.

Inna tana kaɗi a gindin zana, ta ɗago ta ce, "Har ta kama, 'yar nan?"

Na ce, "Ta kama, Inna."

Ta dubi ƙoƙon ruwan, ta dube ni. Na yi sauri na watsar da shi a ƙasa. Sai ta ce, "To, Allah ya sa." Na juye a faifai, da ta huce ta ɗan daskare a ido, na yayyanka na cika masa jakar fata.

Mun raka shi har ƙofar gabas ta ganuwar Gaya. Jakuna sun yi layi, malamai suna addu'a, mata suna sharar hawaye. Ya durƙusa gaban Inna ta shafa kansa. Sannan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Ki yafe ni." Kalma biyu kawai yake nema a bakina. Na kau da kai na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya tsaya jim kaɗan yana jira. Madugu ya yi kira, maigida ya ja jakinsa ya bi ayari.

Na haifi mace. Ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara tambayar ina babanta. Fushina kuwa tun kafin arba'in ya tafi, ya bar ni da jira. Kowace kaka sai in yi alewa mai kyau in ajiye, wai ko zai dawo ya tarar.

A shekara ta huɗu wani marini na Gaya, abokin tafiyarsa, ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Da na ga jakar fatar nan a hannunsa, sai na gane labarin da ya kawo. Inna ta yi salati ta zauna. Marinin ya ce zazzaɓi ne ya kama maigida a wani gari can gaba da ƙasar Barno, a nan suka binne shi, bai kai ga teku ba.

Bayan an yi addu'a ya juyo wajena ya ce, "Akwai saƙonki, uwar gida. Alewar nan ko kwana goma ba ta yi ba ta narke, ta ɓata masa riga. Muka yi ta tsokanarsa, muna cewa ya zubar. Ya ce a'a. Ya ce duk ƙasar Gaya babu mai hannun matarsa a alewa, in ka ga tata ta narke, to ba hannun ba ne, zuciyar ce ya bari da ciwo. Kullum da safe sai ya lakata da yatsa ɗaya ya ɗaure jakar. Da ciwo ya yi tsanani ba ya iya haɗiye komai, ita muke dama masa a ruwa. Ya ce in gaya miki ya sha, ya gode, kuma har yanzu yana jiran amsar abin da ya roƙe ki a bakin ganuwa."

Ashe ya sani. Tun daga yatsan farko ya sani, ya kuma ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. Na rungume jakar nan ina cewa na yafe, na yafe, na yafe, har muryata ta dishe. Amma ina kunnen da zai ji?

Mutane sun yi ta ba ni baki, wai ai narkewar ta zama alheri tunda ita ya iya sha. Ku bar ni da wannan magana. Alherin na Allah ne, ni dai na san abin da na nufa ranar da na sa tsumma.

Jakar tana nan a cikin aduduna har yau. Tun daga lokacin ban sake sauke tukunya ba sai ɗigo ya zauna, ko wa zan yi wa. Abin da na koya kuwa, wanda nake gaya wa duk 'yar da na koya wa alewa, shi ne: in mutum zai fita ya ce ki yafe shi, ko kasuwa za shi, ki amsa masa tun yana tsaye. Ni tawa amsar ta makara da shekara huɗu, mai jiranta kuma bai ji ba.