Tausar Mai Wankan Gawa

Gwiwar dama ce ta fara. A shekarun da Nasara suka sa ana sare daji ana fitar da hanya tsakanin garuruwa, a lokacin ne na soma jin ƙara a cikinta in na durƙusa, ƙaras-ƙaras, kamar ana taka busasshen kara. Ni ne limamin ƙauyenmu a ƙasar Dabawa, kusa da Dutsin-Ma, limancin da na gada wurin mahaifina, kuma ban tsufa tsufan da za a ce ya isa haka ba. Kafin damina ta zagayo, ta hagu ma ta kama. Ƙafa ba ta miƙewa sosai, ba ta kuma lanƙwashewa sosai. Da asuba sai na daɗe zaune ina lallashinta kafin ta yarda ta ɗauke ni zuwa wurin alwala.

Duk mai karatu ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ba ya iya sujada ba ya jan masu iyawa salla, ni da bakina na sha karantar da hakan. Don haka ɗan baffana, wanda yake ƙanena a shekaru, ya riƙa shiga gaba, ni kuwa ina ƙarshen sahu, ƙafa a miƙe gefe guda, ina salla da nuni. Dattawa suka zo zaurena, suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai suka faɗa: in watan azumi ya kama ban iya kai goshi ƙasa ba, za a tabbatar masa da limancin. Na ce gaskiya suka faɗa. Da suka fita na zauna ina jin zafin abin har cikin ƙirjina, don ban san wata sana'a ba, ban kuma san wani wurin tsayawa ba in ba gaban sahun nan ba.

Magani kam an yi shi. Wanzami ya kafa ƙaho, ya yi tsaga har gwiwar ta koma kamar fuskar Bagobiri. An turbuɗe ta a yashi mai zafi, na sha rubutu, na sha saiwa mai ɗacin da har yau in na tuna sai bakina ya tara yawu. Kowa gwiwar yake bi, ita kuwa ko a jikinta.

Mai ɗakina mutuniyar Kurfi ce. Wata rana tana tsince wake ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Malam, akwai wani tsoho a garinmu da ke tausa. An ce ƙafa na miƙewa a hannunshi."

"To mi ya hana ki faɗa tun tuni?"

Ta ce, "Shi ne mai wankan gawa."

Na san shi. Na sha ganinsa in an gayyace ni jana'iza a Kurfi, dogo, siriri, yana fitowa daga ɗaki hannuwansa na ɗigar da ruwa, ya ce an gama, ya koma gefe. Ba wanda ya taɓa faɗa da shi, amma a kasuwa mutane kan buɗe masa hanya fiye da yadda yake bukata, kuma gaisuwarsa ta baki ce, ba a cika miƙa masa hannu ba. Na ce mata Allah ya sawwaƙe. Bayan kwana biyu na sa aka ɗora ni kan jaki.

Gidansa yana gindin duwatsu, can bayan gari. Ɗakin da ya shigar da ni yana ƙanshin ganyen magarya, ga makara jingine da bango an rufa mata tsohuwar tabarma, amma ƙafafunta a waje. Ya sa na taka daga ƙofa zuwa bango na dawo, yana kallon bayana. Sai ya ce:

"Kwanta, Malam. Rub da ciki."

Ya ɗauko wani farin ƙyalle ya rufe ni daga ƙugu zuwa gwiwa, ya yi bisimilla a hankali, ya fara da dama. Duk na lura da wannan tsari, na kuma san inda na san shi. Hannunsa sanyi ƙalau, ko da yake ya murza man kaɗanya a tafinsa. Bai ko kalli gwiwar ba. Ya zura babban yatsa ƙarƙashin ƙyallen a bayan cinyata, ya laluba, ya sami wata jijiya da ta ɗame kamar tsirkiyar baka, ya danna. Na yi salati da ƙarfi.

"Baba, a gwiwa ciwon yake!"

"Na sani," in ji shi. "Gwiwa ta cinye, ba ni da abin da zan maida mata. Amma wagga jijiya ita ta riƙe ta ta baya. Ciwo ya sa kana naɗe ƙafa, ita kuma ta gajarce ta saba. In ta saki, gwiwa ta samu sarari."

Na tambaye shi wurin wa ya koya. Da na sani da ban tambaya ba.

"Wurin mutanena," ya ce. "Mai doguwar jinya a naɗe yake cikawa, gwiwa a ƙirji. Ba a sa mutum cikin likkafani haka nan. In ka ja da ƙarfi ka cuce shi. Sai ka biyo ta nan sannu-sannu, tun daga mazaunai har bayan gwiwa, kana ba shi haƙuri."

Yana magana yana yi. Ya bi jijiyar da yatsa, ya bi ta da gindin tafi, ya tsaya inda ta yi ƙulli ya danna har zafin ya narke. Daga nan ya juya ni rigingine, ya ɗora dunduniyata a kafaɗarsa, ya ce in danna shi da ita iya ƙarfina, sannan in saki. Duk sakin da na yi sai ya ɗan ƙara ɗaga ƙafar. Ya ce wannan kam sai da masu rai ake yin sa, amma masu rai sun fi wuya, gardama gare su. Can da aiki ya yi nisa sai na ji yana raɗa, ba Malam yake cewa ba kuma:

"Saki, bawan Allah. Saki, an gama. Ba abin da ya rage maka a nan."

Da ya sauke ƙafar ya jera ta da 'yar'uwarta, ya haɗa manyan yatsuna wuri guda, sai na ga tafinsa ya taso zuwa fuskata, ya sauko kan idanuna. Muka haɗa ido ta tsakanin yatsunsa. Ya janye hannun a hankali ya ce, "Gafarta, Malam. Sabo."

Amma da na miƙe, ƙafar ta taka ƙasa yadda ta daɗe ba ta taka ba. Abin takaici, kafin jaki ya kawo ni gida ta sake ɗamewa. Na aika masa, ya ce hawan jakin ne ke warware aikin, shi zai riƙa zuwa da kansa. Ban gaya wa kowa a ƙauye ba. Wa zai so a ce liman na kwanciya gaban mai wankan gawa da ransa?

Ya zo da hantsi, lokacin kaka, mutane na bakin gonaki suna yankan gero. Suka ga tsohon nan na Kurfi ya ratso gari da ƙwarya a hannu da farin ƙyalle a kafaɗa, bai tsaya ko'ina ba sai gidan liman mai jinya. Shi kuwa dokarsa ce in yana aiki ba a shiga, ba a kira. Ya saki asabari, mai ɗakina ta zauna a bakin ƙofa, idonta jajur don hayaƙin murhu. Maƙwabciya ta leƙo ta tambaya, ita kuma baiwar Allah ta ce, "Yana ciki da shi, an hana shiga."

Ina kwance, ƙafa a kafaɗar tsoho, sai na jiyo kukan mata daga nesa. Na ce a raina, wa ya rasu ba a gaya mini ba? Kukan ya yi ta matsowa, ya shigo zaure, ya cika tsakar gida, sai na ji ana cewa wayyo Liman, wayyo Malam. Mai ɗakina tana ta rantsuwa tana cewa lafiyata lau, ana ba ta haƙuri, ana cewa ruɗewa ce. Na yunƙura zan tashi, tsohon ya danne ni da hannu ɗaya.

"Kak ka motsa. Yanzu ta fara saki, in ka zabura sai ta tsinke."

Na buɗe baki zan yi kira, ya ƙara ɗaga ƙafar, numfashina ya ɗauke. A cikin wannan hali na jiyo bugun dagi daga maƙabarta, wadda ba ta da nisa da bayan gidana, dum, dum, a busasshiyar ƙasa. Sai ga dogon karan dawa an turo ta ƙarƙashin asabari, wata murya da na sani, muryar ladaninmu, ta ce a hankali:

"Baba, a auna muna tsawon, masu gina na jira."

Tsohon ya dubi karan. Bai taɓa shi ba. Ya dube ni sau ɗaya daga kai zuwa ƙafa, irin duban wanda ba ya bukatar kara, ya ci gaba da aikinsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da ya gama na daddafe na fito. Ban tuna da riga ba, farin ƙyallen nan ne ɗaure a ƙuguna, jiki na sheƙi da mai, ga ni tsaye sak fiye da yadda suka gan ni shekara guda. Mata suka watse har da tuntuɓe da turmi. Ladan ya ja da baya yana karanta abin da ya zo bakinsa. Ɗan baffana yana tsaye a zaure, gemunsa na ɗigar ruwan alwala, ya riga ya shirya yi mini salla. Daga baya an yi dariya, an maida ƙasa ramin kabarin, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yara suka daina bi ta ƙofar gidana, manya kuma suka koma gaishe ni daga nesa, hannu a ƙirji.

Tsohon ya ci gaba da zuwa, ni kuma kullum safe ina ɗora dunduniya kan kifaffen turmi ina sunkuyawa a hankali yadda ya nuna mini. Gwiwar ba ta warke ba, ƙararta na nan har yau. Sai dai ta fara yarda ta miƙe, ta fara yarda ta naɗe. Na gwada sujada a ɗaki na kai, amma tashi sai da na dafa bango. A masallaci kuwa ba bangon dafawa, filin yashi ne aka kewaye da duwatsu.

Ana gobe za a duba watan azumi, da la'asar, na wuce sahu na shiga gaba. Ɗan baffana ya matsa mini. Na yi kabbara, na ji sun yi. Na yi ruku'u, na ɗago. Sannan na sauka a hankali, gwiwa na ƙara, har goshina ya taɓa yashi mai ɗumi. Hawaye suka zubo mini, don na yi kewar wannan wuri.

Sai na lura ban ji komai a bayana ba. Ba motsin riguna, ba faɗuwar gwiwoyi a ƙasa. Rana tana bayanmu, inuwoyinsu dogaye sun kwanto a kaina da gefena, ko ɗaya ba ta rage tsawo ba. Suna tsaye. Duk sun ƙame suna kallo su ga ko zan tashi. Ga ni a ƙasa a gabansu, ga su sahu-sahu a tsaye ba mai rusunawa, kuma salla ɗaya ce tak ake yi wa mutum haka.

Na dafa yashi da tafuna biyu. Na ce Allahu akbar, na ɗago na zauna a kan ƙafar hagu. Ta yi zafi kamar an soka mata tsinke, amma ta ɗauke ni. Na sake kabbara na koma sujada ta biyu, a nan ne na ji su gaba ɗaya sun zubo ƙasa a bayana.