Makin da Na Ba Gidanmu

Ni da hannuna na rubuta cewa gidan mahaifina ba zai jure iska ba.

Lokacin ina koyarwa a Batsari. Aka ɗauke mu aikin hutu, mu zaga ƙauyuka da takarda mu auna ko mutane za su iya da guguwar farkon damina. Takardar ma don mazauna bakin teku aka tsara ta, har da tambayar kwalekwale nawa ne a gida. A ƙauyenmu Yasore fa, don Allah. Rufin kwano maki uku, rufin ƙasa maki ɗaya. Itatuwa kuwa ba su da gurbi.

Na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya. Tun da na fara koyarwa yake tsokanata da Malam.

"To Malam, nawa muka ci?"

"Ɗaya, Baba. Sai mai kwano ke samun uku."

Ya yi dariya, amma a gaban maƙwabta na faɗa, kuma na ga yadda hannunsa ya tsaya. Da ma na yi shiru da bakina.

A gabashin gidan akwai darbejiya biyar da marigayiya Inna ta dasa, ta raine su da ruwan wanke-wanke. Daga can hadari ke taso mana, su ke tare iskar. Ban taɓa lissafa su a bakin komai ba. Kafin in sake zuwa gida, Baba ya sare su duka ya yi katakon rufi, ya buga kwano sabo fil. Ya riƙe hannuna ya zaga da ni kamar mai nuna amarya.

Hadarin farko ya taso da la'asar. Ƙanwata ta ce iskar ta ɗaga rufin gaba ɗaya ta jefa a gonar wani, ruwa ya bi bango ya zubar da ɗakin da aka haife mu. Gidajen ƙasa na kusa da mu ko gezau.

Washegari na hau babur na je. Na same shi zaune kan kututturen darbejiya, ya shanya littattafansa na addini a rana. Wallahi na so ya zage ni, ko zuciyata ta yi sauƙi. Ya amsa gaisuwata tsaf, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Can ya dubi inda ɗakin yake, ba tare da ya kalle ni ba.

"Malam, yanzu nawa muka ci?"