Shagon da Mai Shi Ba Ta Iya Faɗin Sunansa

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, uwargidana ta ce ta gaji da sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli ta cikin gida. Ɗanmu na fari, wanda ke aiki a Katsina, ya saya mata injin matsar mai. Muka gyara shagon da ke jikin zaure, saura suna.

Da yake ni ne mai ilimin gidan, aƙalla a takarda, aka bar min zaɓi. Na kawo sunayen Larabci masu nauyi. Ta ce, "Malam, mai zan sayar, ba Islamiyya zan buɗe ba." Na kawo na Turanci, ta ce masu sayen ƙuli ba sa yawo da ƙamus. Daga ƙarshe na ce a sa sunan yaron, tun da shi ya sayi injin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya sa albarka." Na ɗauki wannan a matsayin amincewa, na kira mai fenti.

Ita kuwa, kamar uwarta da kakarta, ba ta taɓa furta sunan ɗan fari ba. "Yaron nan" take ce masa, har yau da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ni koyarwa ce ta cire min wannan kunyar, don ya zauna a ajina, kuma ba a tsawata wa ɗalibi da "wancan". Ban haɗa al'adar da allon shago ba. Allo rubutu ne, rubutu kuma ba ya jin nauyin kowa.

Sai wata 'yar kasuwa daga Kongolam, mai kai mai tsallaken iyaka, ta ɗanɗana man a wurin biki ta nemi lambar waya. Jarkoki take so duk mako, irin cinikin da ke tsayar da sabon shago da ƙafafunsa. Ina zaune a zaure ta bugo, uwargida ta sa a sifika don hannunta duk mai.

"Hajiya, zan turo direba. Yaya sunan shagon?"

"Ai a rubuce yake a sama."

"To, me aka rubuta?"

"Sunan... yaron nan ne."

"Wane yaro?"

"Babban."

"Haba Hajiya! Daura ta rasa manyan yara ne?"

Na karɓi wayar na faɗi sunan, aka yi dariya, aka wuce wurin. Daga ranar na samu sabon muƙami. Waya na yin ƙara, ta yi gaisuwa, ta yi ciniki, in an zo kan suna ta miƙo min, in furta, in mayar mata. Bayan shekarun da na kwashe ina koyar da nahawu, aikina ya dawo kalma ɗaya tak, kuma babu hutun zango.

Wata ranar kasuwa na tafi Baure ɗaurin auren ɗan abokina. Ashe an canza direba, sabon bai san unguwarmu ba. Ya yi ta bugowa, uwargida tana yi masa kwatance da masallaci da bishiyar darbejiya, abubuwan da kowace unguwa a Daura take da su. Mutuniyar Kongolam ta ce in mota ta koma babu kaya, za ta nemi wani wuri. Uwargida ta yafa mayafi ta tsaya bakin titi cikin rana, tana ɗaga wa kowace akori-kura hannu har aka dace.

Da na dawo ko ruwa ban sha ba ta ce, "Malam, a goge."

Na gyara zama. "To, a sa nawa."

Ta dube ni. "Naka kuma ka taɓa jin na faɗa?"

Na yi bincike a ƙwaƙwalwata tun daga ranar aurenmu, ban samu misali ko ɗaya ba.

Muna cikin haka jarkar da ke ƙarƙashin injin ta cika ta fara zuba. Autarmu, budurwar da aka bar wa tsaronta, tana ɗaki tana danna waya. Uwargida ta ƙwala mata kira da cikakken sunanta, kiran da ya tashi tantabarun maƙwabta daga kan katanga. Ni da uwargida muka dubi juna.

"Wannan dai," in ji ta, "bai taɓa yi min nauyi a baki ba."

Mai fenti ya dawo da tsaninsa, ya goge sunan yaron ya rubuta na autar. Da labari ya kai Katsina, yaron ya bugo yana dariya.

"Umma, ashe an sauke ni?"

"Kai ka kawo inji, ita ta kawo suna. Kowa ya yi abin da ya iya."

Mako na zagayowa mutuniyar Kongolam ta bugo, ta ce ta ji an yi sabon suna. Na miƙa hannu bisa sabo, uwargida ta kauce da wayar, ta faɗe shi da muryar da ta saba faɗinsa.

"Na ji, Hajiya, na ji," in ji matar. "Wannan ko babu waya zai iso Kongolam. A cika min jarkokin."