Gangar da Yaya Ya Ce Ta Ɓace

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanyar Tsafe daga Gusau, ni da wani abokina, da tsohuwar na'urar gem a naɗe cikin zanen gado. Masu tambaya a nan me ya kai ƙato da furfura yawo da kayan wasan yara, ga amsarku.

Yayana da ke zaune a Bungudu ya rasa ganinsa shekara biyu ke nan, hawan jinin ido ne. Tun daga nan ya daina fita, hira ma sai an ja shi. Muna yara, maƙwabtanmu wasu Kiristoci ne 'yan Jos, a ɗakinsu muka koyi gem, kuma da za su tashi suka bar masa kaset ɗaya da yake mutuwar so. Bara na sayi tsohuwar na'ura na kai masa, ko kiɗan zai ɗebe masa kewa. Ya saurara kaɗan, ya ce a kashe, wai akwai wata ganga a ƙarƙashin kiɗan da ta ɓace. Na ɗauka rigima ce irin ta mara lafiya. Sai da na bincika na gano gaskiyarsa: kaset ɗin na da ƙarin muryoyi a cikinsa, amma irin na'urar da na saya kamfani bai haɗa musu hanyar fita ba. Ƙafafu biyu ne a ƙarƙashinta ke buƙatar a haɗa su da ɗan rizista, wani ƙanƙanin kayan lantarki mai rage ƙarfin wuta. Masu gyaran waya na Gusau duk sun yi mini dariya, sai ɗaya ya ce in nemi wani dattijo mai gyaran rediyo a Tsafe.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani, ga mu huɗu a kujerar mutum uku. Amma damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, kuma na ga manoma a gonakin da bara aka bari fayau. A wani shinge jami'i ya ce a kwance ƙunshin. Da ya ga abin da ke ciki sai ya manta da mu, ya hau danna maɓallan yana murmushi, har direba ya fara tsaki.

A Tsafe muka karya da waina da miyar taushe a bakin titi, abokina ya ƙara da hoce, wainar dawa ta gashi, wai na guzuri, bai kai tasha da shi ba. Dattijon muka same shi a rumfa, rediyoyi jibge har rufi. Na nuna masa hoton aikin a waya, ya kawar da kai.

"Ɗana, ni ban aiki da hoto. Buɗe min cikinta in gani."

Ya bi layukan da tsinken ashana har ya gano ƙafafun da kansa. Matsala ɗaya, ba shi da rizista mai awon da ake so. Amma ko a jikinsa, ya jawo wata matacciyar rediyo, ya cire maɓallin ƙara murya, ya narka dalma ya liƙa shi a wurin, ya huda gefen na'urar ya fito da kan maɓallin waje.

"Awo na masu takarda na," in ji shi. "Wanga murɗa shi a kai. Wanda yas san kiɗin shi ka saita shi, ba ni ba, ba kai ba."

Gwadawa ma ba ta yiwu ba, don kaset ɗin na wurin Yaya. Haka muka juyo, muka ratsa Gusau da azahar, muka miƙe Bungudu, ina rungume da aikin da ban san ko ya yi ba. Gaskiya tsoro nake ji in sake sa masa rai a banza.

Mun tarar da Yaya a zaure. Matarsa ta kawo fura, muka jona talabijin da batirin sola, na sa kaset. Allo ya yi ta ƙyaftawa, babu komai. Na cire na mayar har sau uku.

"Miƙo nan," ya ce. "Kai har yau ba ka iya ba."

Ya hura bakin kaset ɗin sau biyu, kamar yadda muke yi muna yara, ya lalubi ramin ya danna. Kiɗa ya tashi, amma da wata irin ƙara kamar injin niƙa. Na ɗora yatsunsa a kan maɓallin dattijon, na faɗa masa abin da ya ce. Ya murɗa baya a hankali, ya wuce, ya dawo kaɗan, kansa a karkace. Can sai ga ta, wata ganga mai kauri tana tafiya a ƙarƙashin kiɗan. Wallahi ni na manta da ita sam, sai da na ji ta sannan na tuna.

"Nan," ya ce. "Kada wanda ya ƙara taɓa shi."

Daga nan ya nemi abin dannawa. Da kunne kawai ya tsallake ramin farko na cikin gem ɗin da na biyu, ya faɗa na uku, ya yi dariyar da matarsa ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa.

Kafin magariba muka iso Gusau, zanen gadon a ninke babu komai a ciki. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shekara biyu muna ta lissafa abin da Yaya ya rasa, ba wanda ya tambaye shi abin da ya rage masa. Ina cire takalmi wayata ta yi ƙara. Shi ne, ko sallama babu.

"Na wuce na ukun. Ran Juma'a ka taho, ka zo da abin dannawa na biyu."