Lado Shitu Saji: Ba Tiyata Ce Ta Kashe Shi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 17 ga Yulin 2025, Allah ya karɓi ran Malam Lado Shitu Saji, malamin gona, yana da shekara hamsin da biyu. Yana kan babur ɗinsa, ya taso daga duba gonakin masara a Rurum, wata motar kaya da birki ya ƙwace wa ta buge shi. Kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. An yi masa sutura a Saji bayan la'asar.

Na faɗi sanadin dalla-dalla ne da gangan. A kwana ukun da na yi a wajen zaman makoki, na ji mutum fiye da biyar suna cewa, "Ai tun da aka yanke masa ciki bai sake komawa daidai ba." Wannan ba gaskiya ba ne, kuma magana ce da za ta iya cutar da mai rai. Ƙanwarsa Saude, wadda ƙiba da ciwon suga suka hana sakat, an sa mata ranar irin wannan tiyata a wata mai zuwa. Tana cikin gida, tana jin abin da masu gaisuwa ke faɗa. Don haka zan rubuta abin da na gani da idona.

Lado, tare muka yi firamare a Rano, benci ɗaya. Aikinka ka iya shi. Manoman albasa da tumatir na Kibiya sun san ba ka ba da shawara daga ofis; sai ka tsuguna ka damƙi ƙasa ka murza ta a hannu. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa masara, gona gona ka bi kana nuna wa mutane yadda ake leƙa ƙoƙon ganye da sassafe, har Fulanin da suka fara noma a bayan Rurum, waɗanda ba kowa ke zuwa wajensu ba.

Sannu a hankali jiki ya raba ka da wannan aiki. A 2020 ka kai kilo ɗari da hamsin da takwas. Tsugunawa ta gagara, babur ya gagara, salla sai a kan kujera. Ga hawan jini, ga suga, kuma barci kan sace ka ana tsakiyar magana. Amma a gari ba a ganin wannan ciwo ne. A kasuwar Kibiya tsokanarka ake yi: "Malam, gwamnati na kiwo da kyau." Kai ma ka yi dariya. Ka rage ci, ka yi azumin Litinin da Alhamis, ka sha duk wani jiƙo da aka kwatanta maka. Daga ƙarshe likitoci a Kano suka tura ka wani asibiti a Abuja, inda aka ce a yi maka tiyatar rage tumbi, wato a rage girmansa yadda abinci kaɗan zai ishe ka. Ba su ɓoye maka cewa aikin yana da haɗari ba. Sun kuma ce zama a haka ya fi shi haɗari.

Sau biyu ana sa rana kana ɗagawa. Dalilinka ɗaya: Hajiya ba ta yarda ba.

Hajiya Uwa mahaifiyarka ce, kai ne ɗanta na fari, don haka bisa al'ada ba ta faɗin sunanka, ba ta kuma doguwar magana da kai. Ta bakin Saude saƙonta ya iso: "Ki gaya wa yayanki, shekarar fari da yunwa na haife shi, kamar ɗan tsako, ba wanda ya sa rai zai kwana bakwai. Da ƙyar na sa masa naman nan. Ban yafe a sa masa wuƙa ba." Ba wanda zai ga laifinta. Ta binne 'ya'ya biyu bayanka, kuma ramewa ce ta fara nuna mata za su tafi. A idonta ƙiba lafiya ce.

Abin da ya sauya ta ba wa'azi ba ne, ba kuma bayanin likita ba. Wata Juma'a bayan masallaci muka shiga gaishe ta. Ka zauna a tabarma ka jingina da bango, kafin a kawo ruwa barci ya ɗauke ka. Ka yi minshari, sai ka yi shiru. Ƙirjinka ya tsaya. Ta dubi ƙirjin, ta dube ni. Can ka ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ka sake yin shiru. Sau huɗu tana kallo.

Ta ce da ni, "Kullum haka yake yi?"

Na ce iyalinka sun ce kullum.

Da ka farka, ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta dube ka ido da ido ta ce, "Ka tafi a yi maka. Na yarda."

Na zaci za ka yi murna. Da muka fito zaure ka dafa bango ka ce, "Mukhtar, Hajiya ta gama da ni. Dama bayanta nake ɓuya." A nan ka faɗi gaskiyar da ka shekara kana riƙewa: tsoro kake ji. Tsoron a yi maka allurar barci ka ƙi tashi. Tsoron mutane su ce ka kashe kanka da hannunka don son gyaran jiki. Har da tsoron ranar da za a ajiye malmalar tuwo a gabanka ka kasa wuce loma uku.

Ba ka warke daga tsoron ba. Tsara shi ka yi. Ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ka rubuta tambaya ashirin da uku, ka koma wajen likita ka ƙi tashi sai da ya amsa su duka. Ka tambayi malami, ya ce neman magani ba ya karo da tawakkali. Ka yi istihara. Ka daina zagayen neman gafara gida gida, domin duk gidan da ka shiga sai an ba ka labarin wani da ya mutu a ɗakin tiyata, sannan a cika ka da fura. Ranar aikin, cikin Maris na 2021, da ka sa hannu a takardar amincewa sai rubutun ya karkace. Ma'aikaciyar jinya ta ce ko za ka ƙara tunani. Ka ce, "Baiwar Allah, shekara guda na yi ina tunani. Tura gadon nan kafin in tashi in gudu."

Bayan aikin ka sha wuya, ba zan ɓoye ba. Makonni kana kan romo da kunu tsararo. Ka yi amai, ka yi jiri, akwai ranar da ka ce ka yi nadama. Da ka rame, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce wata cuta kake ɓoyewa. Amma cikin shekara ɗaya da rabi ka sauke kilo hamsin da ɗaya. Likita ya rage maka magunguna. Ka sa goshinka a ƙasa. Ka koma gona. Kusan shekara uku ka yi kana aikin da kake so, kuma a kan hanyar aikin ajali ya same ka. Duk wanda ya kira ka yana tsoron irin wannan tiyata, ba ka taɓa ce masa abu ne mai sauƙi ba. Cewa kake yi ya rubuta tambayoyinsa ya kai wa likitansa, don jikin kowa daban ne.

Ranar addu'ar uku na shiga cikin gida yi wa Hajiya gaisuwa. Ɗakin cike da mata. Wata dattijuwa ta juya ga Saude ta ce, "Ke dai kin ga aya. Ki haƙura da jikin da Allah ya ba ki." Saude ta sunkuyar da kai. Hajiya, wadda tun ranar rasuwar ba ta ce komai ba sai "Allah ya ba da lada", ta ajiye carbinta.

Ta ce, "Mota ce ta buge shi, Fanta. A gabana ya daina numfashi yana da ƙibar, a gabana ya dawo yana sujada. Kar a ƙara faɗin wannan magana a gidan nan."

Jiya na tambayi Saude ko ta ɗaga ranar. Ta ce tsoro kam tana ji, har abinci ba ya mata daɗi. Amma ranar tana nan, ba ta taɓa ta ba.

Allah ya jiƙan Malam Lado, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Uwa, da mai ɗakinsa Malama Bara'atu, da 'ya'yansa biyar, da manoman Rano da Kibiya. Allah ya ba su haƙuri. Saude kuma, Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashe ta lafiya, ya mayar wa Hajiya da ita a kan ƙafafunta.

Mukhtar Abdulganiyyu, Rano