Ina Masallaci Aka Tafi da Hajiya Bakin Jirgi

Jama'a, yau saura ƙiris jirgi ya tashi ya bar ni!

Abuja zan kai mahaifiyata Hajiya, gobe za a yi mata aikin ido. Tun safe muke filin jirgi, sai haƙuri ake ba mu. Da azahar ma'aikacin kamfanin ya ce, "Oga, je ka yi sallarka, da sauran awa biyu."

Na bar Hajiya zaune a keken marasa lafiya na tafi masallaci. Ina alwala na ji jirgi ya sauka, na ce ai ba namu ba ne. Muna raka'ar ƙarshe wani ya leƙo masallaci yana ihu, "'Yan Abuja, za a rufe ƙofa!"

Ina sallamewa na ruga ba takalmi. Babu Hajiya, babu kekenta!

Mai tsaron ƙofa ya ce, "An rufe."

Na ce, "Uwata ce, ba ta gani! Takardun asibitinta suna hannuna!"

Sai aka kira shi a rediyo: wata tsohuwa ta riƙe ƙarfen matakala, ba ta hawa sai ɗanta ya zo. Sunansa kuma ta ƙi faɗa. Ni ne ɗan fari!

Ya buɗe min ƙofa, na isa ina haki. Ta laluba fuskata, ta ce, "Ka dai idar da sallar ko?"